Wankin Kuza a Hawa na Sha Ɗaya

Wahala dai mun sha ta a shekarar korona, ba sai an yi mata ado ba. Ni sana'ata a nan Kuala Lumpur kai wa ɗalibai kayan miya ne: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kwaki, ɗan kilishi in an samu mai zuwa daga gida. Rana ɗaya aka ce kowa ya zauna a ɗaki. Ɗaliban Taman Melati da nake bi ƙofa-ƙofa, wasu aka rufe su a makaranta, wasu suka shige ɗakunansu suka yi shiru. Kasuwar Chow Kit da na sani, inda ba ka miƙa hannu ba ka bugi mutum ba, ta koma sai 'yan sanda da sojoji, da waya mai ƙaya a bakin wasu layuka. Jirgin sama ya tsaya. Iyalina suna Kaduna, ni ina hawa na sha ɗaya a wani dogon bene a Setapak, daga ni sai buhunan daddawa, har warin ya kama labule, ya kama sallayata.

Amma duk wannan ba shi ya fi damuna ba. Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. A lokacin yana kwance a gidan ƙanwata Asabe a Bukuru, ya tsufa tukuf, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, abinci sai an lallaɓa shi. Asabe ta ce mini a waya, "Yaya, in za ka zo, ka zo." Na ce da wace ƙafar? Kuma abin da Asabe ta sani, ni ma na sani, shi ne Baba ya fi shekara talatin bai yi magana da ni ba. Ba gaba ba ce irin ta kau da kai. In na gaishe shi zai amsa, "Lafiya." In na kawo masa shadda ko magani zai ce, "An gode," yadda ake ce wa baƙo. Daga nan ba ƙari. Bai taɓa tambayata ya hanya ba, bai taɓa yi mini faɗa ba, ko ruwan alwala bai taɓa aikena in ɗebo masa ba. Kullum da la'asar ɗin nan, lokacin hantsi ne a can, sai in buga, Asabe ta kara masa wayar a kunne, in ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Lafiya." In ji numfashinsa kaɗan, sai ta janye. Tsorona ke nan, kada ya tafi a kan wannan kalma ɗaya.

Laifin nawa ne, kuma sai na koma baya kafin a gane shi.

A barikin kuza aka haife ni, can bayan Bukuru, cikin duwatsu. Yaran yanzu in ka ce musu bariki sai su zaci wani wurin shashanci kake nufi. Mu gari ne gare mu guda, da masallaci da coci da kasuwar ranar biya, kuma ba ƙabilar da babu: Bahaushe, Birom, Babarbare, Tibi, Ibo, mutanen Cadi masu tsage, kowa da harshensa a ɗaki, in an fito waje Hausa ce ta kowa. Ba agogo muke dubawa ba, jiniya ce ke tashe mu, cikin sanyin da ke sa haƙori ya riƙa bugun ɗan uwansa. In ka hau tudu da safe ka leƙa ramin, sai ka ga mutane sun yi layi kamar tururuwa, kowa da kwanon sarki cike da ƙasa a ka, suna hawowa ta matakalar da aka sara a jikin ramin, suna waƙa, heluma, shugaban leburori, yana zaginsu, suna rama masa a cikin waƙar, shi ma yana dariya. A ƙasa kuma ga bututun ruwa mai kauri kamar cinyar bijimi, in aka saita shi a jikin tudu sai ka ga tudun yana zubewa kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Sannan ga babbar na'urar nan mai dogon wuya. Har yau ban ga abin da ya cika mini ido kamarta ba, kuma na ga dogayen benayen garin nan duka. Ɗaki ne guda na ƙarfe, ya fi masallacinmu girma, kuma tafiya take yi da ƙafafunta. Ta ɗaga jiki, ta ja baya, ta zauna, ƙasa ta girgiza har ruwan randar uwata ya motsa. In ta jefa bokitinta ta kwaso, abin da leburori hamsin za su yini suna ɗauka ke nan. Tsofaffi suna cewa kada yaro ya nuna ta da yatsa. Mu kuwa mu kwanta ruf da ciki a bakin ramin mu yi ta kallo har a zo a kore mu da tsumagiya.

Inda ta gama haƙa ta wuce, ruwa ne ke cika wurin. Kududdufan nan ba irin na sauran garuruwa ba ne. Wani kore shar, wani shuɗi kamar an zuba bula, wani ja, kuma ba su da gaɓa mai gangara, taku ɗaya daga ciyawa ka faɗa zurfin da ba wanda ya san ƙarshensa. Iyaye mata ba sa dukan yaro a kan komai kamar a kan zuwa bakinsu. Sai tashar jirgi. Can ake kawo kuzar bayan an narka ta a Jos, dunƙule-dunƙule farare, ga su ƙanana amma ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga guda. A loda a tarago, a ce za a kai Fatakwal, bakin teku. Teku kuwa ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Mukan kara kunne a kan ƙarfen dogo mu ji jirgi yana zuwa tun bai fito daga bayan dutse ba. Masu ƙosai da masu rake su tashi tsaye, mai tuta ya gyara hula. Zuwana na ƙarshe na bi ta wurin: ciyawa ta haɗiye ƙarfen, wata mata ta shanya barkono a kan dakalin da fasinja ke tsayawa, awaki suna kwance a ɗakin sayar da tikiti. Barikinmu kuwa ko bango babu, sai bishiyoyin turare da kududdufan, suna nan da launinsu kamar jiya aka bar su.

Baba ba leburan kamfani ba ne, mai wanki ne. Yashin da ya kuɓuce wa kamfani ya bi lambatu, shi yake tara a ƙwarya, ya tsaya cikin ruwa har gwiwa ya wanke. Ka ɗebi yashi, ka nutsa ƙwaryar kaɗan, ka juya, ka karkata, ruwa ya tafi da mara nauyi, ka tsince tsakuwa da yatsa ka jefar ta bayan kafaɗa, ka bugi gefen ƙwaryar sau biyu da tafin hannu, ka sake juyawa. A ƙarshe sai ka ga baƙin gari ya kwanta a gindi, yana ƙyalli kaɗan-kaɗan. Ita ce kuza. A duk lambatun nan an san hannun Baba. Yashin da wani ya wanke ya zubar, shi sai ya bi ya fitar da cikin cokali. Ko ba ya kallo yana jin aikin kowa, don ƙwarya tana da sauti, na mai haƙuri daban, na mai son ya tashi daban. Yakan ce mini, "Ita nauyi gare ta, ba inda za ta. Kai kake korar ta." Ƙafafunsa kuwa kullum fari fat, duk sun tsage, da dare uwata ta shafa musu man kaɗe.

Ina wajen shekara sha tara abin ya lalace. Aka ce kuza ta faɗi a kasuwar duniya. Jiniya ta daina kuka, na'urar ta tsaya da wuyanta a sama, tsuntsaye suka yi sheƙa a kai. Sa'o'ina duk suka tafi Legas. Ni ina cikin ruwa da Baba, raina a ɓace. Wata safiya, a gaban mutanen lambatu duka, ya ce, "Kana gaggawa. Rabin abin da ka ɗebo ka mayar wa ruwa." Ba da tsawa ya faɗa ba. Ni kuwa na fizgi ƙwaryar da ke hannunsa, tasa, wadda ya ɗinke tsagarta da hannunsa, na buga ta a kan dutse ta rabe biyu. Na ce masa, "Ni ba zan ruɓe a cikin ruwa kamarka ba." Ya duƙa ya tsince ɓarin biyu. Ni na haura, na wuce tasha da jiƙaƙƙen wando, na shiga jirgin Kafancan. Na sha ba shi haƙuri daga baya, na tura manya, ya ce musu ai ba komai. Ba komai ɗin ke nan muka yi shekara talatin a ciki.

To, a benen da nake akwai wata tsohuwa, ƙofarta na kallon tawa. Asalinsu Caina ne amma a nan aka haife ta, gajera, bayanta ya ranƙwafa. Anti nake ce mata, ita kuma Haji, saboda hulata. Ɗanta da ke kula da ita yana aiki a Singafo, aka rufe iyaka da shi a can. Tunda mutum ɗaya ake bari ya fita cefane, sai na ce ta riƙa rubuta mini abin da take so. Da Malayancin kasuwa muke magana, nata ya karye, nawa ya fi nata karyewa.

"Ban da alade fa, Anti."

"Na sani lah, Haji. Kai ma ban da wannan abin naka mai wari. Kifina ya fi shi ƙamshi."

Wata rana na dawo da ledarta, na tarar ta bar ƙofar katako a buɗe, sai ta ƙarfe. Tana tsugune tana wanke shinkafa a cikin wani faffaɗan akushi, baƙi, ya sha hannu. Na zo ajiye ledar sai na tsaya. Ta juya, ta karkata, ruwa ya zuba ta gefe ɗaya siriri. Ta tsinci wani abu ta jefar ta bayan kafaɗa. Ta bugi gefen akushin sau biyu da tafin hannu. Na ce, "Anti, wa ya koya miki wannan?"

"Shinkafa ce. Ba ku cin shinkafa a garinku?"

"Ba haka ake wanke shinkafa ba."

Na tsuguna a waje, na kwatanta mata da hannu wayam, har da ɗebo yashi, har da tsayuwa cikin ruwa. Ta dube ni ta saman tabarau ta daɗe. Sannan ta ce, "Kai a ina ka san wannan?"

Ranar ledar cefanen ta daɗe a ƙasa. Tana ciki, ina waje, ƙarfe tsakaninmu, kowa da takunkumi a fuska. Ta ce akushin sunansa dulang. Ta ce ita a wani ƙauyen masunta aka haife ta a bakin teku a Perak, gidaje a kan sanduna bisa taɓo, in ruwa ya cika ka ji yana bugun ƙasan ɗaki, iska kullum warin busasshen jatan lande da hayaƙin masu toya gawayi. Ta ce tun kafin a haifi uwarta jirgin ƙasa ke kawo kuza daga Taiping har ƙauyen, a juye a jirgin ruwa. Tana yarinya ƙarfen dogon yana nan suna tafiya a kai, yanzu an tone shi an yi titi, ba abin da ya rage sai allon siminti mai sunan tashar, da wani kedai, wato shago, na masu shan kofi a gefensa. Aka yi mata aure can cikin ƙasa, nesa da teku, mijin ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta shiga ruwa da dulang a bayan ramin kamfani, ita da mata irinta, kowa ta rufe kai da ƙyalle saboda rana. Ta ce, "Garin nan da kake gani, duk a kan ramin kuza yake zaune. Tafkin Titiwangsa da kuke zuwa ɗaukar hoto, me ka zaci shi ne?"

Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa. Fiye da shekara goma ina wucewa ta gefen tafkunan nan a bas, ban taɓa lura ba su da gaɓa ba. Ni da na zaci wahalarmu ce mu kaɗai, a bayan Bukuru aka ƙirƙire ta. Ashe a wancan ƙarshen duniya, bayan tekun da ba mu taɓa gani ba, akwai wata mata tsaye cikin ruwa a daidai shekarun da Baba yake tsaye, ba ta san shi ba, bai san ta ba, ba addini ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, amma bugu biyun nan a gefen ƙwarya iri ɗaya. Wa ya koya musu? Ikon Allah ya wuce inda kaina yake kaiwa.

Kashegari ta nuna mini wata 'yar kwalbar magani, ta ce in karɓa. Hannuna ya yi ƙasa don nauyi. Kuza ce, wankinta na ƙarshe, ta ƙi sayarwa. Ta ce in ɗebo mata yashi a ginin da aka bari a gefenmu, tana so ta ga ko hannun yana nan. Na ɗebo bokiti guda, na cika babban baho da ruwa a baranda tsakanin ƙofofinmu. Ta juye kwalbar duka a cikin yashin ta cuɗa, ko gezau ba ta yi ba. Ta zauna a 'yar kujera ta fara.

Tana cikin yi la'asar ta yi. Ban shirya komai ba, lokacin waya ne kawai ya zo, na buga ina tsugune a wurin. Asabe ta kara masa. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Lafiya." Na ji motsin hannun Asabe za ta janye, sai na ji ya ce, "Dakata." Ba abin da ke tashi sai sautin yashi yana zagaya katako, sannan bugu biyu.

"Wa ke wanki a nan?"

Na ce wata tsohuwa ce maƙwabciyata, 'yar Caina.

"A can ma akwai kuza?"

"Akwai, Baba. Da akwai."

"Asabe, ce masa ya matso da wayar."

Na sa ta a sifika na riƙe a bakin bahon. Ya saurara ya daɗe. Sannan ya ce, "Wannan ta iya. Ta ci abinci da shi. A tambaye ta, ƙafafunta suna yi mata ciwo in hadari ya haɗo?" Na fassara mata. Anti ta ajiye dulang, ta ja wandonta zuwa gwiwa, ta nuna wa wayar ƙafafun, duk jijiyoyi sun murɗe. Na ce mata ai ba ya gani. Ta ce, "To gaya masa tun kafin hadarin ya haɗo." Na gaya masa. Baba ya yi dariya har ta zama tari. Rabon da in ji dariyarsa tun ina da gashi baƙi.

Da tarin ya lafa ya ce, "Asabe, ce masa ya karɓa."

Na gaya wa Anti, ta miƙo mini dulang ɗin, ta karɓi wayar ta riƙe. Na ɗebi yashi. Na nutsa, na juya, na karkata. Ban kai juyi goma ba na ji muryarsa, kuma ba da Asabe yake ba.

"Kai. Ruwa ya yi maka yawa. Rage. Wa ya ce ka karkata tun yanzu? Ina jin tsakuwa a ciki ba ka tsince ba. Da kafaɗa kake juyawa, wuyan hannu aka ce maka. Shekara nawa, har yanzu gaggawar tana nan."

"To, Baba."

"Ba to ba. Sake ɗebowa."

Anti ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta gane faɗa ake yi. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce ya ce ina sauri. Ta ce, "Gaskiyarsa lah. Kana zubar mini da kuza a baho. Gemu fari, hannu na jariri." Ni ga ruwa ya jiƙe mini wando, ga takunkumi ya jiƙe ta ciki, ban ma san yaushe ba. Tsoho na zagina ta waya, tsohuwa na zagina a gabana, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ya yi ta gyara mini har muryarsa ta fara shaƙewa. Asabe ta ce ya gaji, a bari haka. Na ji yana ce mata ta dama masa kunu. Kafin ta kashe ya ce, "Ba ni shi." Ta kara masa. Ya ce, "Gobe ka sake, in ji. Kada ka zo mini da wannan hannun."

Da gari ya waye, ina idar da sallah na ɗauki bokiti biyu na sauka. Mai gadin benen ya ce ina zuwa da sassafe haka, ko kedai ba a buɗe ba. Na ce yashi zan ɗebo. Ya dube ni, ya dubi bokitan, ya ce, "Boleh," wato ina iya wucewa. Na cika su, na hau da su, na ƙwanƙwasa wa Anti ta miƙo mini dulang ta cikin ƙarfe tana mita ban bar ta ta sha kofi ba. Na zuba ruwa a baho, na zauna, na duba agogo. Saura awa tara kafin hantsi ya yi a Bukuru. Na ɗebi yashi kaɗan, rabin na jiya, na fara juyawa da wuyan hannu.